Dutsen Bayan Taya

Tun ranar da Mataimaki ya fara riƙe sitiyari, motarsa ba ta taɓa komawa da baya a kan tudu ba, ko da faɗin yatsa. Wannan ba cika baki ba ne, tarihi ne, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a layin banki ko a shagon aski ya samu damar jin sa. Sirrin abin, in ji shi, a ƙafa yake. Direban ƙwarai yana ɗauke ƙafarsa daga birki ya kai ta kan totur tun kafin motar ta farga an sake ta. Birkin hannu kuwa abu biyu aka yi shi dominsu: ajiye mota a gareji, da lallashin matsorata.

Sunan Mataimaki daga ofis ya biyo shi gida. Ya daɗe yana mataimakin darakta a ma'aikatarsu, daraktoci suna zuwa suna wucewa ta gabansa, kowanne kuma kafin ya tafi sai ya tabbatar masa cewa ba don shi ba da aikin bai yiwu ba. Ya saba da irin wannan yabo, ya kuma san nauyinsa.

A but ɗin motarsa akwai wani dutse, baƙi, mai girman kan mutum, gefe ɗaya a baje. Matarsa ce ta tsince shi a bakin titi farkon aurensu. Duk sa'ad da cunkoso ya tsayar da su a kan hawa, sai ta buɗe ƙofa, ta zagaya, ta ɗauko dutsen ta cusa shi a bayan taya. Shi kuma ya ja motar, ya haye har inda ƙasa ta daidaita, ya tsaya yana jiran ta iso da dutsen a rungume. Mataimaki ya ɗauki wannan a matsayin tsoro irin na mata, kuma da yake mutum ne mai haƙuri da iyali, bai taɓa hana ta ba. In shi kaɗai ne a motar, yana da nasa hanyoyin, dogaye amma shimfiɗaɗɗu, waɗanda yake bi saboda sun fi inuwa.

Haka aka zauna lafiya har Auta ta ce tana so ta koyi mota.

Auta ce kaɗai ta rage musu a gida. Ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti can ƙarshen gari, kullum sai ta hau bas biyu kafin ta isa, ta dawo takalminta duk sawun ƙafar mutane. Mataimaki ya yi murna da buƙatar. Ya zaunar da ita a kujerar direba a tsakar gida, ya rufe ƙofa, ya fara daga farko, wato daga yadda aka ƙirƙiro inji. A darasi na biyu suka iso kan amfanin baƙin mai. A na uku ta tambaya ko yau za a kunna motar. Ya ce mata gaggawa ce ke cika asibitoci, ita ma shaida ce.

Asabar ta gaba ta ce za ta je gaida Kawu. Ta dawo da yamma tana murmushi, ta ce ta zagaya filin makaranta da kanta, har ta sa giya uku.

Kawu ƙanin matarsa ne, likitan haƙori, mutum mai yawan dariya, wadda Mataimaki yake gani talla ce ta sana'a. Mota biyu gare shi, babba da ƙarama. Mataimaki ya san shi tun yana zuwa musu hutu da akwati ɗaure da igiya, yana cinye musu burodi, yana roƙo a bar shi ya danna hon. Yau yaron da ake bari ya danna hon shi ne hukuma a kan tuƙi. Gidan ya cika da "Kawu ya ce". Kawu ya ce a duba madubi kafin a kunna sigina. Kawu ya ce ba a ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya. Duk waɗannan Mataimaki ya san su, suna cikin manhajarsa, da an yi haƙuri da an iso su wajen darasi na goma sha wani abu.

Ranar da ta karɓo lasisi, Kawu ta fara kira. Mataimaki yana zaune a falo, nisan hannu, jarida a buɗe, yana jin ta tana cewa, "Kawu, albishirinka." Sai da ta ajiye wayar ta juyo ta miƙa masa katin. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ce hoton bai yi kyau ba.

Ran Alhamis da yamma Kawu ya zo da wayarsa cike da hotunan inda za a iya zuwa ƙarshen mako.

"Yallaɓai, ga su nan ka zaɓa," in ji shi, yana zama a kujerar da ba a ba shi ba. "Akwai tafki, hanya a miƙe kamar an ja layi. Akwai gandun daji, in kana so birai su sace maka hula. Akwai kuma masaukin nan na kan tsauni."

"Tafki," in ji Mataimaki. "Akwai iska."

"Ai tafki ko barci take yi za ta kai mu. Ni tsaunin nake so, saboda ɗalibata." Ya juya wajen Auta. "In kin hau kin sauko lafiya, ran Litinin makullin ƙaramar motar naki ne. Na gaji da ganinta tana shan ƙura."

Auta ta rufe baki da hannu biyu. Mama, matar Mataimaki, ta ce Allah ya yi albarka, ya bar zumunci. Mataimaki ya ci gaba da juya cokali a cikin shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Shi ma ya jima da niyyar saya mata mota. Niyya ce mai kyau, mai kujerun fata, kuma ba ta shan mai ko kaɗan.

"Likita," ya ce, "a jami'ar da ka yi, malamin da ya koyar shi ke zama ya duba jarrabawa shi kaɗai?"

"A'a, ana kawo na waje."

"To ka gani. A motarka ta koya, kana gefenta. Motar ta san ta, kai ma ka san ta. Wannan ba jarrabawa ba ce, hira ce. In gwaji ake so na gaskiya, ta ja tawa, ni ina gefe. Kai ka biyo mu a baya ka ga aikinka daga nesa."

Kawu ya yi dariya har aka ga dukan tallar. "Yaya, kin ji mijinki. An kawo mana na waje."

"Na ji shi," in ji Mama. Ita ba ta yi dariya ba.

"Baba, kulocin motarka da nisa," in ji Auta a hankali.

"Kuloci ba ya nisa. Ƙafa ce ke gajarta."

Aka tsayar da magana. Mama za ta shiga babbar motar ƙaninta, saboda gwiwarta da ta fara ciwo, kujerun can sun fi taushi. Ran Asabar da safe tana tsaye a bakin but yana jera jakunkuna, ta dubi dutsen a kusurwarsa.

"A bar shi?"

"Bar shi, ba abinci yake ci ba. Amma yau ba mai buƙatarsa."

"Ai dama ba a taɓa buƙatarsa ba," ta ce, ta rufe but ɗin. Mataimaki ya ji daɗi da ta yarda da haka a ƙarshe.

Suka fita gari. Ya gyara zama, ya harɗe hannu, ya shirya gyare-gyarensa. Matsalar ita ce yarinyar ta ƙi yin kuskure. A shataletale ta jira, ta shiga a kan kari. Wani mai babur ya ratso ta gabanta, ta rage gudu tun kafin Mataimaki ya gama buɗe baki, dole ya mayar da abin hamma. Hannunta biyu a kan sitiyari, idonta na zuwa madubi yana dawowa. Ya duba ko'ina a cikin tuƙin nan ko zai ga wani abu nasa, ko da yadda yake riƙe giya da yatsa biyu, bai gani ba. Har yadda take karkatar da kai in za ta sha kwana na Kawu ne.

"In kin zo gangara," ya ce, "kada ki…"

"Kada in zauna a kan birki, zai yi zafi. In sauko da giyar da na hau da ita. Kawu ya faɗa min."

"Ba shi zan ce ba."

"Yi haƙuri, Baba. Me za ka ce?"

Ya yi tunani. "Kada ki cika surutu."

Gidaje suka ragu, gonaki suka fara. Bayan gidan mai na ƙarshe hanya ta soma ɗagawa. Auta ta rage giya kafin kwanar farko, injin ya ɗauka ba tare da ko tari ba. Sai ga haske a madubin gefe: Kawu ya walƙa mata fitila. Ta yi murmushi, ta ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari.

"Me yake so? Tayarmu ta sace?"

"A'a, haka yake yi in na yi daidai."

Daga nan kowace kwana sai an tafa mata da fitila. Da rana tsaka, mutum da iliminsa, yana ƙona batir. Mataimaki ya juya fuska ga taga. Can ƙasa rufin gidaje sun zama kamar an watsa kwalayen ashana, amma ko a gilashin tagar hasken na samunsa.

Ya tuna shekarar da ya koya mata keke a layin bayan gida. Yana gudu a baya da takalmin ofis, riƙe da sirdi, tana ta cewa, "Baba kada ka saki, Baba kada ka saki." Ya saki tuni, tana ta tafiya ba ta sani ba, da ta waiwaya ta hango shi can baya sai ta faɗi da gangan don ya zo ya ɗaga ta. A lokacin Kawu yana ina? Yana makaranta yana koyon leƙa bakin mutane. Yau ga Mataimaki kafaɗa da kafaɗa da ita, amma in ta ɗaga ido madubi take nema.

Kusa da ƙarshen hawan, daidai inda hanyar ta fi miƙewa tsaye, ana gyaran titi. An rufe hannu ɗaya. Wani ma'aikaci mai jar tuta ya tsayar da su a bayan tirelar siminti. Ta gefe ɗaya bangon tsauni, ta ɗaya gefen rami wanda itatuwan ƙasansa suka koma kamar ciyawa. Auta ta taka birki, ta ja birkin hannu har ya yi ƙara, ƙarar da motar nan ba ta taɓa yi a kan titi ba. Kawu ya matso ya tsaya dab da bayansu, kusancin mutumin da ya yarda da ɗalibarsa. Ya fito da hannu ta taga ya ɗaga babban yatsa.

Mataimaki ya gyara zama. A irin wannan wuri ƙofa take buɗewa. Kunnensa ya jira ƙarar but, bai ji ba.

"Wannan na mene ne?" Ya nuna birkin da haɓa.

"Don kada ta koma baya. In na ji gabanta ya ɗaga, sai in sauke shi a hankali."

"Ni tun kafin a haife ki nake hawa tudu, ban taɓa kai hannu kansa ba."

"Na sani, Baba," ta ce, idonta a kan tutar, tana murmushi. "Ai kai kana da Mama."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, kuma shi ne abin da ya fi zafi. Ta faɗe shi yadda ake faɗin abin da kowa ya sani, abin da aka daɗe da gama dariyarsa. Mataimaki ya hango su sarai: ƙaramar mota, filin makaranta, ranakun Asabar, Kawu yana nuna yadda ake rungumar dutse, haƙora a waje. Wataƙila har suna ya sa wa darasin.

Aka ɗaga koriyar tuta. Tirela ta yi gurnani ta fara ja. Auta ta sa giya ɗaya, ta ɗauke ƙafa daga birki ta kai kan totur, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai bitar karatu.

"Totur kaɗan. Kuloci a hankali. Jira ta ɗaga, ba gaggawa."

Muryarta ce, kalmomin na wani ne. Hannunta bai riga ya bar sitiyari ba.

Daga baya Mataimaki ya yi ta bin lamarin dalla-dalla, bai samu wurin da ya yanke shawara ba. Hannunsa ne kawai ya tafi, yadda yake tafiya ya gyara kuskure a takardar darakta. Ya danna maɓallin, ya sauke birkin.

"Da ƙafa," ya ce.

Motar ta farga an sake ta. Ta sulale baya. Auta ta saki kuloci gaba ɗaya, injin ya zabura ya mutu, kafin ƙafarta ta nemo birki an ji ƙara a baya. Ba wata babbar ƙara ba ce. Kamar an saki faranti da kofuna a ɗakin da ke kusa.

Ya samu abin da yake nema tun safe: ta juyo ta dube shi, shi, ba madubi ba. Sannan idonta ya sauka kan hannunsa, wanda har yanzu yake kan birkin. Ya ɗauke shi ya ɗora a gwiwa.

Tunanin farko da ya zo masa, kuma Allah ya sani bai kira shi ba, shi ne cewa ba shi ke kan sitiyari ba. Tarihi na nan yadda yake.

Motocin baya suka fara hon. Kawu ya iso taga da sauri, karo na farko Mataimaki ya ga bakinsa a rufe.

"Kowa lafiya? Auta, kin bugu?"

"A'a, Kawu."

"Yallaɓai?"

"Ƙalau. Ƙarfe ne ya gaisa da ƙarfe."

Kawu ya leƙa ciki, ya ga birkin a kwance. "Ba ki ja ba?"

"Na ja."

"To me ya faru?"

Auta ta sake duban babanta. Mataimaki yana nazarin mai tuta da duk hankalinsa, kamar za a tambaye shi ra'ayi a kan yadda ake riƙe ta. Akwai wata jimla a maƙoshinsa, gajera, ya ji ta ta hau har ta taɓa harshe. Amma Kawu na tsaye a nan, kuma jimlar in ta fita ba ta komawa. Za ta je filin makaranta, ta je gidan kowane ɗan'uwa, ta zauna kusa da dutsen har abada.

"Na sauke da wuri," in ji Auta.

"Haba, ɗalibata. Sau nawa muka yi wannan?" Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Ba komai. Fitila ce, ana sayarwa."

Mama ta iso a hankali, tana dafa jikin motar. Ta dubi gilashin da ya watse a kwalta, ta dubi 'yarta, ta dubi birkin, sannan ta dubi hannun da ke kan gwiwa. Ta yi shekara da shekaru a wannan kujera, ta san tazarar da ke tsakanin hannun mai zama a kanta da birkin nan fiye da wanda ya ƙera motar.

"Sauko, Auta, jikinki na rawa," in ji Mataimaki da muryar uba. "Bari in fitar da mu daga nan."

Auta ta ja birkin hannu kafin ta fita. Kawu ya ɗan ja tasa baya. Ba wanda ya aiki Mama, ta buɗe but ɗin da ya lotsa, ta ɗauko dutsen, ta durƙusa da gwiwa mai lafiyar, ta cusa shi a wurinsa. Mataimaki ya shiga, ya fara da sauke birkin hannu don kada a ce, motar ta ɗan jingina da wani abu, ya taka totur ya haye cikin hayaƙi da ƙaurin kuloci. Auta na gefensa, hannuwanta a cinya. Kawu ya ɗauko Mama, dutsen kuma ya ƙarasa hawan a kan kujerar fata.

Masaukin yana da baranda mai kallon kwari, da teburan katako, da iska mai ɗaga gefen mayafi. Aka kawo abinci. Mataimaki ya yi mamakin yunwar da ta kama shi. Ya yabi kifin, ya yabi iskar, ya yarda a bainar jama'a cewa tsaunin ya fi tafki. Ya ce wa Kawu kada ya damu, koyarwa baiwa ce, ba kowa ake ba ba, kuma ya yi ƙoƙari daidai gwargwado. Ya bayyana wa mai kawo abinci cewa sabon hannu sai a hankali, shi kam tun da ya fara tuƙi motarsa ba ta taɓa komawa da baya ba. Mai kawo abinci ya ce madalla, ya tambaya ko a ƙaro ruwa.

Kawu ya juya kofinsa a kan tebur. "Auta, maganar motar nan. Ba fasawa na yi ba, kin ji? Amma hanyar asibitinku akwai hawan nan na gaban gada, da cunkoso. Mu ɗan ƙara lokaci. In hannunki ya zauna, tana nan."

"To, Kawu."

"Yaya, ko ba haka ba?"

"Kai ka san ɗalibarka," in ji Mama.

"Bas ɗin ma ta huta da shi," in ji Mataimaki, yana goge baki. "Daga Litinin ni zan riƙa kai ta. Tana gefena tana kallo. Haka ake koyo, da ido, ba a fili ana zagaye kamar injin niƙa ba."

Kawu ya yi dariya, amma rabi, ba a ga haƙoran ciki ba. Auta tana raba shinkafarta gida-gida da cokali. Ba ta kalli Kawu ba, kuma Mataimaki ya lura cewa tun da suka zauna ba a ce "Kawu ya ce" ko sau ɗaya ba. Ya saurari shirun kamar waƙa.

Bayan cin abinci ya tsaya a jikin ƙarfen barandar yana kallon kwari. Mama ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Fitilar ƙanena ce ta fashe, motar 'yarka ce ta tafi," ta ce, ba ta dube shi ba, "amma kai ka fi kowa cin abinci."

"Iskar tsauni ce. Tana buɗe ciki."

"Haka ne," in ji Mama. Ta koma ta zauna, ta miƙe ƙafar da ke ciwo a kan wata kujera.

Ran Lahadi shi ya sauko da su, ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ƙauri na bin su. Auta ta buɗe baki sau ɗaya, ta dubi giyar, ta rufe.

Litinin da safe ya tashi da wuri, ya goge gilashi da kansa, ya ɗaura agogo. Auta ta fito da farar rigar aikinta a goge, ta zauna a gefensa. Mama ta raka su har bakin mota, ta yi wani abu a but, ta rufe, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya fara daga inda suka tsaya, wato baƙin mai. Tana cewa to a duk inda ya kamata. Ya ji daɗin safiyar ƙwarai. Ya bi ta hanyoyinsa masu inuwa iyakar yadda za su iya kai shi, amma asibitin ƙofa ɗaya gare shi, kuma duk mai zuwa sai ya hau tudun gaban gada. A tsakiyar hawan danja ta tsayar da layi. Gaba bas, baya wata farar mota sabuwa da ta matso har yana ganin tabaran mai ita.

Mataimaki ya taka birki. Yatsunsa suka fara ɗan buga sitiyari.

Auta ta dubi birkin hannu. Yana nan tsakaninsu, a kwance, kusan sabo, tazarar tafin hannu daga cinyarta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kwance bel, ta buɗe ƙofa, ta zagaya. Ya ji ƙarar but, numfashinsa ya sauka.

An naɗe dutsen a cikin tsohon tawul, don kada ya ɓata farar riga.

Danja ta ba da hannu. Motar ta ɗan jingina, ta zabura, ta haye. A saman gada, inda ƙasa ta daidaita, ya gangara gefe ya tsaya. A madubi ya hango ta tana tahowa ta gefen titi a cikin hayaƙin motoci, tawul a rungume a ƙirji, tana kallonsa shi kaɗai. Ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofa tun kafin ta iso.